Sabis cike, kiran layi na shiga, amma WhatsApp da POS sun ƙi tafiya: ga abin da ke faruwa a ƙarfen sabis

Malam, ka ce kai mai POS ne a kasuwa, kuma duk ranar kasuwa da yamma sandunan sabis a cike suke a wayarka amma kiran WhatsApp sai kakkatsewa yake, na'urar POS tayi ta juyi ta ƙi wucewa, alhali in ka kira da kati kiran na shiga tangaran, shi ne kake zargin ko da gangan kamfanin waya yake matse data don mutane su koma sayen kati. To ni aikina kenan, saita ɓangaren rediyo na netwok, kuma wannan ƙorafin kusan kullum sai na ji shi. Gaskiya ne ana fifita kiran layi a kan data, ba zan ɓoye maka ba, a rubuce ma yake cikin ƙa'idar da duk duniya ke bi. Amma dalilin ba wanda kake zato bane.

Fara da sandunan nan. Abin da suke auna shi ne ƙarfin wata alama da ƙarfen sabis yake watsawa kullum, ko mutum ɗaya ne a ƙarƙashinsa ko dubu. Wato suna gaya maka kana kusa da famfo, basa gaya maka tsawon layin da ke gabanka. Mutum zai iya tsayawa a gindin famfo kamar ya taɓa shi da hannu amma kurar 'yan garuwa ashirin ce a gabansa.

Shi ruwan famfon kuma ƙayyadadde ne. Kowane kamfani yana da wani faɗi na zangon rediyo da ya saya daga gwamnati, kuma ba arha gare shi ba, a 2001 da aka yi gwanjon GSM na farko a Najeriya kowane lasisi dala miliyan 285 aka saye shi, a Disambar 2021 kuma MTN da Mafab kowa ya biya dala miliyan 273.6 a kan MHz 100 na 5G a gwanjon NCC. Abin da ka saya shi kaɗai gare ka, ba zaka tsallaka gonar maƙwabci ba. A 4G, in kamfani yana da MHz 20 a wani ɓangare na ƙarfe, ana yanka shi ne gurbi 100, kowane gurbi faɗinsa kHz 180. In MHz 10 ne gurbi 50. Sannan akwai wata manhaja a cikin na'urar da ke gindin ƙarfen, mu shedula muke ce mata amma bari in kira ta mai rabo, aikinta kawai ta zauna duk milisakan ɗaya, wato sau dubu a daƙiƙa guda, ta ce gurbin nan goma na wane ne, biyun nan na wance, talatin ɗin nan na wancan mai kallon bidiyo, milisakan na gaba kuma ta sake sabon rabo. Babu wanda yake da gurbi nasa na dindindin. Duk abin da kake gani na sauri ko nawa a wayarka sakamakon wannan rabon ne.

Inda abin ya fara wahala shi ne gurbi ɗaya ba kaya ɗaya yake ɗauka wa kowa ba. Wayarka kullum tana aika wa ƙarfe rahoton yadda take jinsa, lamba ce daga 1 zuwa 15, sunanta CQI. Wanda yake fili kusa da ƙarfe ya aiko da 15, wanda yake can cikin rumfa mai rufin kwano a ƙarshen kasuwa, ga kuma wani ƙarfen na maƙwabta yana masa kutse, ya aiko da 2 ko 3. Tsakanin mai 1 da mai 15, abin da gurbi ɗaya zai ɗauka ya bambanta da sama da ninki 30. Kamar jarka mai faɗin baki ce da kwalba mai ɗan tsukukun baki, famfo ɗaya ne amma ita kwalbar sai ta cinye lokacin kowa kafin ta cika. Shi yasa mutum biyar da ke gefen iyaka suna kallon bidiyo zasu iya cinye rabin ƙarfe, na kusa suyi ta mamakin me ya faru.

To ya mai rabo zata yi? In ta ce bi da bi, kowa gurbi daidai da na ɗan'uwansa, an yi adalci a ido amma jimillar abin da ƙarfen ke fitarwa ta faɗi ƙasa sosai. In ta ce a ba mai kyawun sigina kawai, jimilla zata tashi amma na cikin rumfa ba zai ga komai ba har dare. Abin da aka fi amfani da shi yana tsakiya, ana duba abin da mutum zai iya samu a wannan milisakan ɗin a gwada shi da abin da ya saba samu a 'yan lokutan baya, wanda nasa ya fi tashi sama shi za a ba. In an jima ba a baka ba matsakaicinka zai sauka, sai ka hau gaban layi da kanka. Tunanin ya samo asali ne daga lissafin Frank Kelly na jami'ar Kambirij a 1997, kamfanin Qualcomm kuma suka sa irinsa a tsarinsu na datar 3G mai suna EV-DO. Abin da mutane basu sani ba, ƙungiyar 3GPP da ke rubuta ƙa'idar 4G da 5G bata rubuta yadda mai rabo zata yi aiki ba, ta bar wa masu ƙera kaya, Ericsson da Huawei da Nokia da ZTE kowa da nasa sirrin, shi yasa ƙarfe biyu masu zango iri ɗaya zasu iya bambanta a lokacin cunkoso.

Wannan duk tsakanin mutum da mutum ne. Tambayarka kuma a kan aiki da aiki take, kuma nan ne nake so ka tsaya ka fahimta sosai.

Murya abu ce ƙarama ƙwarai amma bata da haƙuri. In kana magana wayarka tana tattara muryar ta aika ɗan ƙunshi duk milisakan 20, abin da bai fi bait talatin da 'yan kai ba, wajen kilobit 12 zuwa 13 a daƙiƙa. Wannan ba komai bane, in sigina na da kyau gurbi ɗaya ko biyu ya ishe shi. Amma in ƙunshin ya makara ya zama shara, domin kalmar da ta iso bayan an wuce ta ba wanda ta amfana. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ce in jinkiri daga baki zuwa kunne bai wuce milisakan 150 ba yawancin mutane ba zasu lura ba, daga nan in ya yi ta hawa sai ku fara cin karo da juna a magana, kai ka ce alo shi ma ya ce alo. Sauke fayil kuma akasin haka ne, yana da cin tsiya amma yana da haƙuri, in ya jira rabin daƙiƙa ba wanda zai sani, sai dai ba ya yarda a rasa ko bait ɗaya. Bidiyon YouTube ko TikTok shi ma yana tara na gaba a ajiye, saboda haka yana jure tsaiko kaɗan. Ka ga kenan a bakin famfo akwai mai kofi da ƙishi ya kama, akwai ɗan garuwa mai kura da jarka goma sha biyu. Duk unguwar da ke da hankali mai kofi ake cewa ya fara, don nasa daƙiƙa biyu ne kuma ba abin da zai rage wa mai kura. Ni a ganina wannan daidai ne, kuma ko ni ne na rubuta ƙa'idar haka zan rubuta.

A 4G an yi wa wannan lambobi, QCI 1 zuwa 9 su ne na asali. QCI 1 na kiran murya ne na kamfanin, wato VoLTE, an yi masa alkawarin rabo tabbatacce, jinkirinsa kada ya wuce milisakan 100, kuma an yarda a rasa ƙunshi ɗaya cikin ɗari don kunne ba zai ji ba. QCI 5 na saƙonnin haɗa kiran ne, shi ma ya fi kowa matsayi. Can ƙasa kuma akwai 8 da 9, nan ne intanet na kowa da kowa yake, ba alkawarin komai, jinkiri har milisakan 300, abin da ya rage bayan an sallami na sama shi ake raba musu. To kiran WhatsApp a wannan layin na ƙasa yake. A kunnenka murya ce, amma a idon ƙarfen sabis data ce kamar kowace data, a rufe take da makulli, tana layi ɗaya da mai sauke fim da mai ɗora bidiyon biki. Mai kofi ne amma ba wanda ya san kofi ne a hannunsa, sai aka sa shi bayan kura. Na'urar POS ɗinka ma, in dai sim ɗin talakawa ne a ciki, nan take tsaye.

In kuma wayarka ko layinka ba su da VoLTE, da ka danna kira wayar sauka take daga 4G ta koma 3G ko 2G, ka lura zaka ga alamar ta canza a sama. Wato ta bar famfon da ake turmutsutsu a kai ta tafi wani daban. A 2G kowane zango mai kHz 200 an raba shi gida 8, kira ɗaya gida ɗaya, in wuri ya cika sai a sa mutum biyu a gida ɗaya murya ta ɗan shaƙe amma kira ya shiga. Can ma murya ce gaba, data ta GPRS da EDGE aron gidajen da ba kowa take yi, da kira ya zo sai ta tashi. USSD kuwa, irin su *310# ko lambar transfa ta banki, ba ta hanyar data yake bi ba, ta 'yar hanyar haɗa kira yake bi tare da tes, gida ɗaya ake yanka wa takwas don wannan aikin. Shi yasa wani lokaci data ta mutu murus amma transfa ta USSD ta wuce, wani lokacin kuma, kamar safiyar Sallah da kowa ke aika barka da Sallah, ita 'yar hanyar ce ke toshewa kira ma ya ƙi fita alhali gidajen magana na nan a buɗe.

Akwai wani abu kuma da ban cika jin ana faɗa ba, kuma a kasuwa da filin Idi da filin ƙwallo shi ne yake fara karyewa, wato hanyar hawa, daga waya zuwa ƙarfe. Ƙarfe yana magana da wat goma-goma, wayarka iyakarta wajen kashi ɗaya cikin biyar na wat ɗaya. Sannan waya ba ta da ikon aikawa kai tsaye, sai ta ɗaga hannu ta nemi izini, mai rabo ta bata gurbi, sannan ta aika, kuma ita kanta hanyar da ake sanar da rabon tana da iyakar mutanen da zata iya kira a milisakan ɗaya. Cinikin POS ɗaya 'yan kilobait ne kawai, amma ba aike ɗaya bane, sai an gaisa da saba, wato babbar kwamfutar da ke karɓar cinikin, an yi musayar makulli, an aika, an jira amsa, kowane zuwa da dawowa sai ya sake shiga layi, in kowanne ya ci daƙiƙa ɗaya ko biyu sai lokacin da aka ɗibar wa cinikin ya ƙare ya yanke. Kuma in faɗi gaskiya ba kullum laifin rediyo bane, wani lokaci ƙarfen lafiya lau yake, wayar fayiba ko mikrowef da ke ɗauke kayan daga gindinsa ce ta cika ko aka yanke ta wajen aikin titi, wani lokaci kuma can ɓangaren banki ne. In Facebook na buɗewa da sauri amma POS ya ƙi, to ka daina zargin ƙarfe.

Nasan abin da zaka ce, to me zai hana a ware wa POS gurbi nasa, a ware wa kira nasa, a ware wa bidiyo nasa, kowa ya tsaya a gonarsa? Wannan tambayar ta girmi wayar salula. Wani masanin lissafi ɗan Denmak, Agner Erlang, da ke aiki a kamfanin tarho na Kofenhagen, ya fitar da lissafinta a 1917 kuma har yau da jadawalin lissafinsa muke aiki. In kana da layi 10 kuma kana so kira biyu cikin ɗari kawai su ji layi a cike, abin da zasu ɗauka wajen kira 5 ne a lokaci ɗaya a matsakaici. In ka haɗa layi 20 wuri ɗaya zasu ɗauki wajen 13. Ka duba fa, goma biyu a rabe sun ɗauki 10, ashirin a haɗe sun ɗauki 13, kaya iri ɗaya, katanga kawai aka cire. Dalili shi ne in ka rabe, akwai lokacin da wannan ɓangaren zai cika yana korar mutane alhali ɗayan na zaune ba kowa. Saboda haka duk gurbin da ka killace wa wani asara ne a duk lokacin da bai zo ba, kuma duk aikinmu a tsakanin nan yake, nawa za a killace nawa za a bari a haɗe.

5G ta zo da kayan aiki mafi kyau a kan wannan. A MHz 100 ɗin nan na zangon 3.5 GHz ana samun gurbi 273, kuma rabo duk rabin milisakan ake yi. An kasa ayyuka manya gida uku tun a tsari, intanet mai yawa, da ayyukan gaggawa irin na injinan masana'anta da ake so saƙo ya isa cikin milisakan ɗaya da tabbacin kashi 99.999, da kuma ƙananan na'urori masu ɗimbin yawa kamar mitar wuta da ta ruwa. Na gaggawar an ba shi damar kutsawa tsakiyar rabon da aka riga aka ba wani, a huda nasa a wuce, daga baya a sanar da wayarsa cewa wancan ɗan wurin ba naka bane, za a sake aiko maka. Sannan akwai abin da ake ta talla, yanka netwok kashi-kashi kamar watanda, kowane kashi da ƙa'idarsa. Kyawunsa shi ne ba katanga ce ta bulo ba, ana iya cewa kashin masu hada-hadar kuɗi yana da mafi ƙarancin da ba za a hana shi ba in ya zo, in bai zo ba wasu su ara, kuma yana da iyakar da ba zai wuce ba. Wannan shi ne amsar Erlang ta zamani, kuma don irin sana'arka ya dace ƙwarai. Amma sai cibiyar netwok ɗin gaba ɗaya ta zama ta 5G, ba wadda aka jingina a kan 4G ba, sai na'urarka ma ta iya, kuma ko a 4G ɗin tuni ana iya ba wani rukunin sim matsayi sama da na talakawa in kamfanin POS ya yi yarjejeniya da kamfanin waya. A Amurka haka aka yi wa 'yan kwana-kwana da 'yan sanda da motocin asibiti da tsarin FirstNet da AT&T ke gudanarwa tun 2017, in gari ya rikice ana iya sauke talaka daga gurbi a ba su.

Abin da nake ja da masu tallan 5G a kai shi ne suna magana kamar yanka nama yana ƙara nama. Ba ya ƙarawa. In saniya ɗaya ce kuma mutum ɗari biyar suka shiga watanda, duk iya rabon mai rabo tsoka ɗai-ɗai za a samu. Fifiko yana aiki ne muddin masu fifikon kaɗan ne, ranar da kowa ya zama mai kofi an koma gidan jiya. Na sha zuwa ƙarfen da gurabensa ke cike tun la'asar har bayan isha, a ce in saita shi, in taɓa nan in taɓa can in ɗan karkata eriya in tura wasu wayoyi zuwa wani zangon, a samu sauƙin da bai taka kara ya karya ba, kuma raina yana ɓaci domin nasan mutanen da ke ƙarƙashinsa kuɗinsu suka sa, kuma nasan maganin ba a kwamfuta yake ba. Magani shi ne ƙarin zango, ko ƙarin ɓangare a ƙarfen, ko sabon ƙarfe, ko ƙananan eriyoyi a cikin kasuwar kanta. Ko a Mina da Arfa lokacin aikin Hajji, ba da dabarar rabo kaɗai ake ɗaukar alhazai ba, ƙarafa ake ƙarawa har da na tafi-da-gidanka a kan mota. Kasuwar da ke ci sau ɗaya a mako matsalarta kenan, kwana shida ƙarfen na hutawa rana ɗaya yana nishi, kamfani kuma in ya duba matsakaicin mako sai ya ga kamar ba matsala.

Kai a naka ɓangaren ga abin da zai taimaka. In na'urarka na cin sim biyu sa na kamfani biyu daban, domin ko da ƙarfe ɗaya suke haya kowa da zangonsa da layinsa. Kada ka ajiye ta can ƙuryar shago ƙarƙashin kwano, matso da ita bakin ƙofa, taku uku zai iya ɗaga lambar nan ta CQI, in ta ɗagu kuma ɗan gurbin da aka baka zai ɗauki kaya mai yawa. Kada ka haɗa POS da hotsfot ɗin wayar da yara ke kallon bidiyo a kai. Ka tambayi kamfanin da ya baka na'urar ko suna da sim na musamman na kasuwanci. Kiran da ya shafi kuɗi ranar kasuwa ka yi shi da layi, ka kunna VoLTE in wayarka na da shi.

In zaka kai ƙorafi kuma, kada ka ce netwok ba kyau kawai, wannan ba inda yake kai mu. Ka faɗi sunan kasuwar da layin da shagonka yake, da ranar, da ƙarfe nawa zuwa ƙarfe nawa, da abin da ya ƙi aiki da abin da yake aiki, ka kuma sa maƙwabtanka su kai irinsa. Muna da lissafin cikar gurabe na kowane ɓangaren ƙarfe awa bayan awa, in ka ce Laraba daga huɗu zuwa bakwai zan buɗe wannan awannin kai tsaye in ga ko gurabe ne suka cika, ko hanyar hawa ce, ko fayiba, kuma da wannan hoton ne ake shiga wurin masu kasafi a nemi kuɗin ƙarin kaya.